Zinaren kofunan da mahaifiyata ta bar mini ya goge

Wata baiwar Allah da ke zaune a Agege ta aiko mini da doguwar wasiƙa, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata uku da aure, ina zaune a Agege, ina aiki a Ikeja. Lokacin bikina mahaifiyata ta saya mini kayan shayi na tangaran ginin hannu a wurin wata mai ginin tukwane a wani baje koli a nan Legas: buta ɗaya, kofuna shida da farantansu, kwanuka biyu masu faɗi, duk da ruwan zinare a bakinsu, sai tulun furanni mai zoben azurfa a wuya. Bara Allah Ya yi mata rasuwa. Makonni biyu da suka wuce muka yi baƙi na fito da kayan. Bayan sun tafi, ƙanwar mijina, 'yar shekara 15 da ta zo daga gida take karatu a wurinmu, ta jiƙa kofuna huɗu a ruwan bilic saboda tabon shayi, ta bi su da soson ƙarfe. Zinaren ya goge, sai 'yar alama. Kafin nan maigida ya taɓa sa kwano ɗaya a na'urar ɗumama abinci, ya yi tartsatsi, bakinsa ya ƙone. Zoben tulun kuma ya yi baƙi da kansa. Tun ranar ban yi wa yarinyar magana ba, ina so a mayar da ita gida, maigida kuma yana cewa ai kofi ne kawai. Wata maƙwabciyata ta ƙara da cewa dama shan abu a cikinsu haramun ne. Shin zinaren zai dawo? Yaya zan kula da sauran? Yaya zan yi da yarinyar?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa Aljanna ce makomarta, ke kuma Ya ba ki haƙurin rashinta. Ban ga laifinki ba da zuciyarki ta yi zafi, domin abin da uwa ta zaɓa da idonta, ta biya da kuɗinta, ta jera wa 'yarta a ɗakin aure, ya wuce a kira shi kofi kawai, balle bayan ƙasa ta rufe idonta. Maigidanki ya yi kuskure a wannan magana, kuma zan dawo kansa. Amma ina so ki fara sanin ainihin abin da wannan zinare yake, saboda amsar kusan duk tambayoyinki tana nan, har da ta yarinyar.

Tangaran mai ruwan zinare sau uku yake shiga wuta. Da farko ana gasa yumɓun bayan ya bushe domin ya yi tauri. Sannan a shafa masa wani ruwa da ke narkewa ya zama gilas, a mayar da shi tanderu a zafin da kan kai digiri 1,200 ko fiye idan yumɓun mai ƙarfi ne, kuma wannan gilas ɗin shi ne santsin da kike ji a jikin kofi. Zinaren a ƙarshe yake zuwa. Mai ginin tana ɗauko wani ruwa mai duhu kamar maɗi, wanda ake sayarwa a 'yan mitsi-mitsin kwalabe, zinaren da ke cikinsa wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ne, ta ja shi da siririn buroshi a bakin kofi ko a mariƙinsa, ta sake sa kayan a wuta mai sauƙi, wajen digiri 700 zuwa 750. Man da ƙaron da ke cikin ruwan sai su ƙone su tafi, zinaren ya kwanta. Zinare ne na gaske, ba a cuci mahaifiyarki ba, sai dai kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 100 na silin gashi ba, ɓawon albasa ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, kuma a saman gilas ɗin yake zaune bai nutse a ciki ba.

Ga shi kuma zinare ƙarfe ne mai laushi. A ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa 10, zinare bai wuce hawa na 3 ba, kusan daidai da farcen mutum, alhali ƙwayar yashi tana hawa na 7. Abin da laushinsa ya kai haka, sirantarsa ta kai haka, soson ƙarfe ba ya buƙatar minti ɗaya ya kwashe shi. Shi kuma bilic nasa aikin daban ne. An san zinare da cewa ba ya tsatsa kuma ruwa ba ya cin sa, amma sinadarin kulorin da ke cikin bilic yana daga cikin abubuwa ƙalilan da ke iya cin zinare. Jiƙon ya raunana shi, soson ya ƙarasa.

Game da ko zai dawo, gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: babu abin da za ki shafa a gida ya dawo da shi. Za ki sami masu ba ki shawarar fentin fesawa mai launin gwal, ko alƙalamin zane mai ruwan gwal, ko jan farce. Duk waɗannan garin tagulla ne ko wani abu mai ƙyalli a cikin gam, suna ɓarewa da wanki, launinsu yana dushewa, kuma bai dace su kasance a wurin da leɓe yake taɓawa ba. Hanya ɗaya ce ingantacciya, wato mai ginin tukwane da ke da tanderun lantarki ta sake shafa ruwan zinare ta sake gasawa. Ki kifa kofi ɗaya ki duba gindinsa, domin magina na zamani kan buga hatimi ko su karce sunansu a can tun yumɓun yana ɗanye. Idan kin sami sunan, ki nemi mai shi, da yawansu suna tallar aikinsu a Instagram, ki tura mata hotuna, ki faɗa mata duk abin da ya faru ba tare da ɓoye maganar bilic ba. Wannan yana da muhimmanci, saboda kofin da aka daɗe ana amfani da shi yana iya shan ruwa ta gindinsa inda babu gilas, kuma idan aka mayar da shi wuta yana iya tsagewa ko ya fito da ƙananan ƙuraje a jikinsa. Saboda haka ki ba ta guda ɗaya kawai ta gwada, kada ki miƙa huɗun gaba ɗaya. Ki kuma shirya wa tsada, domin daga waje ake shigo da ruwan, farashinsa yana bin farashin zinare da na dala.

Idan mai ginin ba ta samu ba, ko ta ce akwai haɗari, ra'ayina shi ne ki bar kofunan nan huɗu yadda suke, ki mayar da su kofunan shayinki na kullum. Mahaifiyarki da ta tsaya a gaban teburin nan ta ɗaga kofin, ta ji nauyinsa, ta ga yadda mariƙinsa ya zauna a yatsa, ta duba launinsa, kuma duk waɗannan suna nan soso bai taɓa su ba. Ki tuna da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, mace ta farko da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. Tulunanta suna gidajen tarihi har a Landan, kuma abin da ya kai su can shi ne siffarsu da zanen ƙadangare da kifi da kunama da ta karce da hannunta, babu ɗigon zinare a jikinsu.

Kwanon da ya yi tartsatsi kuwa, abin da ya faru shi ne na'urar ɗumama abinci tana sa lantarki ya gudana a cikin duk wani ƙarfe da aka sa mata, kuma siririn zobe irin wannan ba ya iya ɗaukar gudun, sai ya yi zafi nan take ya ƙone. Wurin da ya ƙone ba zai gyaru da wanki ba. Abin dubawa shi ne ko zafin ya tsaga jikin kwanon. Ki ɗora shi a tafin hannu ki ƙwanƙwasa shi da farce ko da muciya ƙarama, kamar yadda iyayenmu ke gwada tukunya a kasuwa kafin su biya. Idan ya yi ƙara garau mai amo, lafiyarsa lau. Idan ƙarar ta mutu nan take, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba, sai ki daina zuba masa abu mai zafi ko mai ruwa, ki bar shi ga dabino da alawa. Daga yau kuma kowa a gidan ya san cewa duk abin da ke da ƙyallin ƙarfe a jikinsa ba ya shiga wannan na'ura, ba ya shiga tanderun girki, ba ya shiga injin wanke kwanuka idan kuna da shi, domin sabulun injin mai kaifi ne kuma ruwansa mai zafi ne sosai.

Yanzu ga wankin abin da ya rage, kuma a nan nake so ki fi natsuwa, domin a wurin wanki ne zinare ke ƙarewa a hankali ko da babu soson ƙarfe. Ki wanke kayan da zarar baƙi sun tashi, kada su kwana da shayi a ciki, kada kuma a jiƙa su. Ki ɗauko robar wanke-wanke ki shimfiɗa ƙaramin tawul a gindinta, saboda bakin kofi ba ya jure karo da kwanon wanki na ƙarfe ko da kan famfo. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi wanda hannu ke jurewa cikin sauƙi, da ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa na wanke kwanuka. Omo, toka, kanwa, garin goge tukunya da ɓangaren soso mai kaushi duk ki nisanta su. Ki cire zobe da awarwaro kafin ki fara. Ki riƙa sa kofi ɗaya a ruwa a lokaci guda, ki wanke cikinsa da lallausan soso ko ƙyallen auduga, idan kin zo kan zinaren ki bi ta kansa sau ɗaya a hankali ba tare da dirzawa ba. Da kin ɗauraye ki goge shi nan take da tsohon ƙyallen auduga da ya sha wanki ya yi laushi, domin idan ya bushe da kansa ruwan yana barin tabo, daga baya kuma a ce za a goge tabon da ƙarfi. Ruwan burtsatse a unguwanni da dama na Legas yana da ƙarfe ko gishiri a ciki, shi ya sa kike ganin jan tabo a bokiti da bahon wanka. Idan naku haka yake, ki yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan sha mai tsabta, leda ɗaya ko biyu ta isa.

Tabon shayi, wanda shi ne mafarin wannan rigima, yana da magani mai sauƙi. Ki zuba ruwan ɗumi a kofin ya tsaya ƙasa da layin zinaren, ki narkar da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a ciki, ki bar shi kamar rabin awa, sannan ki shafa cikin da yatsa ko ƙyalle. Idan bai fita duka ba ki maimaita washegari. Butar kuma ɗauraya ta ishe ta, amma ki bar ta a buɗe ta bushe sarai kafin ki mayar da murfi, in ba haka ba laimar Legas za ta sa ta yi fumfuna da wari. Kafin ki zuba mata tafasasshen ruwa ki fara zagaya cikinta da ruwan ɗumi, saboda tangaran ba ya son a fito da shi daga sanyi a jefa shi cikin zafi farat ɗaya, abin da ke sa gilas ɗin ya yi tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo-gizo ke nan. Akwai kuma wata al'ada tamu da na daɗe ina lura da ita: mutum ya gama juya sukari sai ya ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi sau biyu ko uku. A kan zinaren yake bugawa daidai. Idan za ki ba baƙi shayi a kofuna biyun da suka rage, ki haɗa shi a buta, ki kawo ba tare da cokali ba.

Abubuwa masu tsami, irin su zoɓo, kunun tsamiya, lemon tsami, nono da miyar tumatir, kada ki bar su suna zama a cikin waɗannan kaya. Tsami ba ya narkar da zinare, amma idan ya daɗe yana raunana gilas ɗin da zinaren ke manne a kansa. Akwai wani dalili kuma da ya fi wannan nauyi. Wasu nau'o'in gilas da ake shafa wa tangaran, musamman na da, ana haɗa su da dalma, kuma tsami yana fitar da ita ta shiga abinci. Mu 'yan Arewa mun san gubar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙan duwatsun ma'adinai a cikin gidaje. Can daga dutse ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Yawancin magina na yanzu sun daina amfani da ita, sai dai tun da za ki nemi mai ginin, ki tambaye ta kai tsaye ko gilas ɗin nata ba shi da dalma, da kuma ko kwanukan na cin abinci ne ko na ado.

Zoben tulun da ya yi baƙi yana gaya mana wani abu. Yawancin farin ƙyallin da ake gani a tangaran ana kiransa azurfa, a gaskiya filatinam ne ko wani ƙarfe danginsa, kuma waɗannan ba sa baƙi. Tun da naki ya yi, da alama azurfa ce ta gaske. Abin da ke baƙanta azurfa shi ne farar wuta da ke yawo a iska, kuma Legas tana da ita a wadace: hayaƙin janareta, hayaƙin motoci a cunkoso, warin kwatoci da ruwan da ba ya gudu, ga laima da ke ƙara hanzarta abin. Ƙwai, albasa da robar ɗaure kuɗi su ma suna fitar da ita, saboda haka tulun nan ba na kicin ba ne kuma ba na bakin tagar da ke kallon janareta ba ne. Kada ki sa masa man goge ƙarfe ko makilin, domin dukansu gogewa suke yi ta hanyar cin saman ƙarfen, kuma a nan saman shi ne duka abin da ake da shi. Ki fara duba zoben a cikin haske sosai. Idan kin ga alamun ƙananan falle-falle da suka hau kan juna ko 'yan tattara, to fallen azurfa ne aka manna da gam ba a gasa shi ba, irin wannan ko ruwa bai kamata ya taɓa shi ba, buroshi mai laushi kawai. Idan santsi ne ɗaya da jikin tulun, gasasshe ne, za ki iya bin sa sau ɗaya a hankali da ƙyallen goge azurfa irin na masu sayar da sarƙa da 'yan kunne, ki tsaya da zarar ya ɗan yi haske. Ni da tulun nawa ne, zan haƙura da ɗan duhu a kan in rasa zoben. Idan kuma za ki sa furanni masu rai, ki saka ƙaramin kofin gilas a ciki ya riƙe ruwan.

Wurin ajiya a garin nan yana da matsala biyu da ke zuwa bi da bi. Da damina, musamman wajen watan Yuni, laimar iska tana wuce kashi 80 cikin 100, da hunturu kuma ƙurar hamada tana isowa har bakin teku a Disamba da Janairu. Wannan ƙura yashi ne mai laushi, kuma kin ji matsayin yashi a kan zinare, saboda haka goge kofi mai ƙura da busasshen tsumma daidai yake da bin sa da takardar goge katako. Ki fara ɗauraye ƙurar da ruwa tukuna. Kabad mai ƙofar gilas da ke rufuwa sosai shi ya fi, a jingine shi da bangon da ba ya tsatsafo da ruwa, ki jefa ciki irin ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ki cusa kofi a cikin kofi, kada ki rataye su ta mariƙi, kada ki kifa su a kan bakinsu. Farantan kuma ki sa ƙyalle tsakanin kowane biyu, domin gindin tangaran ginin hannu ba shi da gilas, kaushinsa kamar na dutsen wasa wuƙa ne, yana karce na ƙasa da shi. Jarida ba abin naɗe su ba ce na dogon lokaci, tawadarta tana kamawa kuma tana riƙe laima.

Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, amma ta yanke hukunci a inda malamai suka faɗaɗa. Hadisin da ya hana ci da sha a kwanon zinare da na azurfa ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Huzaifa, Allah Ya yarda da shi, kuma a kan kwanon da aka ƙera da zinare ko azurfa babu wata ja. Kwanon da asalinsa wani abu ne daban aka yi masa ruwan zinare kuwa, malaman Malikiyya sun kawo zance biyu a kansa, Shafi'awa kuma suka ce idan ruwan ya yi ƙarancin da ko an sa shi a wuta ba za a tara komai ba, to babu laifi. Tambayar ma tsohuwa ce. A ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, magina a Iraƙi suka gano yadda ake fitar da ƙyalli mai kama da zinare daga sinadaran azurfa da jan ƙarfe a tanderu mai hayaƙi, kuma masana tarihi da dama suna danganta bunƙasar wannan sana'a da wancan hani. Fale-falen da aka yi ta wannan hanya suna nan kewaye da mihirabin babban masallacin Ƙairawan a Tunisiya, suna sheƙi bayan shekara fiye da 1,100, saboda a wancan aiki ƙarfen yana shiga cikin gilas ɗin, saɓanin irin naki. Fatawa aikin malamai ne, saboda haka ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa, ki bayyana masa abin yadda yake: jikin yumɓu ne, zinaren na gaske ne amma ga iyakar sirantarsa, kuma yana daidai inda leɓe ke taɓawa. Idan ya ce ki bari, sai biyun su zauna a kabad a matsayin ado, ki sha shayinki a huɗun.

Sai yarinyar. Ɗiyata, ki tuna yadda aka koya mana wanke-wanke a gida. Yarinyar da ake yabo ita ce wadda tukunyarta ke ɗaukar ido, wadda ta bi gindin tukunya da toka da yashi da soso har sai baƙin ya fita, wadda samirunta da fantekunta ba su da tabo. Wannan yarinya ta ga tabon shayi a kofunan da ta lura kina ji da su, sai ta yi musu wanki mafi kyau da ta sani, har da jiƙo a bilic wanda wataƙila a nan Legas ta ga ana yi wa fararen kaya. Da raini ne ko lalaci, da ta ɗauraye su sama-sama ta kife, kuma da zinaren yana nan. Ƙwazonta ne ya yi ɓarnar. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wasiƙarki ban ga inda kika ce kin taɓa zaunar da ita kin nuna mata cewa waɗannan kaya daban suke ba. Ke kanki da kika mallake su, sai yanzu kike tambayar yadda ake wanke su. Ki lura kuma cewa babba a gidan ya yi irin wannan kuskure da kwano, ba a ƙaurace masa ba, ba a yi zancen mayar da shi ko'ina ba.

Makonni biyu na shiru abu ne mai nauyi ga 'yar shekara 15 da ke nesa da uwarta, a garin da ba ta da inda za ta je ta yi kuka, kuma kin san addininmu bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba. Idan aka mayar da ita gida, labarin da zai isa can shi ne an koro ta saboda kofi, karatunta ya tsaya, surukarki ta riƙe abin a zuciya, kuma duk ranar da kika buɗe kabad ɗin nan za ki tuna da wannan rigima maimakon ki tuna da mahaifiyarki. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki gaya mata wadda ta saya miki kayan, da lokacin da ta saya, da cewa yanzu ba ta raye. Ina kyautata zaton ba ta san nauyin abin ba sai ta ji daga bakinki. Ki bar ta ta ba ki haƙuri, ke ma ki ce mata kin san ba da gangan ta yi ba, kuma ke ce ba ki nuna mata ba.

Maigida kuma ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban ƙanwarsa ba. Mai yiwuwa yana cewa kofi ne kawai domin ya kare yarinyar daga fushinki, kuma idan ya ga kin sauko game da ita, kunnensa zai buɗe. Ki gaya masa a fili cewa abin da ke ciwo shi ne rashin mahaifiyarki, kuma kalmarsa ta ƙara miki zafi. Sannan ki nemi abu takamaimai a wurinsa, ko dai kabad mai makulli, ko kuɗin gwajin sake gasa kofi ɗaya, domin maza da yawa sun fi iya ba da haƙuri da aiki a kan su furta shi da baki.

Ranar Asabar mai zuwa da ba ki zuwa Ikeja, ki shimfiɗa tawul a roba, ki kira yarinyar ta tsaya kusa da ke, ki wanke kofi ɗaya tana kallo, kina faɗa mata dalilin kowane abu kamar yadda na faɗa miki. Sannan ki miƙa mata ɗaya daga cikin huɗun da suka goge ta gwada, tun da a kansu babu sauran abin da za a rasa. Ku yi haka na 'yan makonni da shayin safe. Ranar da kika ga hannunta ya faɗa, ki ba ta faranti mai zinare ta wanke kina tsaye. Idan kuma kin duba gindin kofin kin ga hatimin amma kin kasa karanta shi, ki ɗauki hotonsa cikin hasken rana ki nuna wa masu sayar da kayan ginin hannu a kasuwar kayan fasaha ta Lekki, domin sukan san hatimin junansu.